Mayunwaciya a Tsibirin Ƙara-Loma

Da sunan Wanda ya shimfiɗa teku bai auna ta da mudu ba, ya zuba mata gishiri bai sayo a kasuwa ba, ya ciyar da abin da ke cikinta tun ba a haifi mai taru ba. Bayan haka, ku da kuke zaune nesa da ruwan gishiri, ku ba ni aron kunnuwanku, in ba ku labarin abin da idona ya gani, hannuna kuma ya kasa.

Ni ne Makau ɗan Nomau, Basarke jikan Sarkawa. Kakannina da taru da zago suka ci abinci a bakin kogi, ni kuwa ƙafa ce ta yi mini ƙaiƙayi. An ce tafiya mabuɗin ilimi, amma ba wanda ya gaya mini cewa wani ɗakin gara a bar shi a kulle. Na bi kogi har ya ƙare, na shiga jirgin wasu fatake, muka yi ta keta teku har muka wuce inda ake jin sunan garinmu.

Wata rana da hantsi hadari ya taso mana, iska ta ɗaga jirgin ta maka shi a kan dutse. Na iya ruwa, kada ku raina ni, amma iyon kogi daban, na teku daban. Na sha gishiri har na yi shahada na saki jiki. Sai na ji wani abu mai faɗi ya shiga ƙarƙashina ya ɗago ni. Na rungume shi, ya yi ta tafiya da ni a hankali har ƙirjina ya taɓa yashi. Da na buɗe ido sai na ga ayu ce, ƙatuwa, tana kallona da 'yan ƙananan idanunta. Ni da a gidanmu ake farautar ayu da zago, yau ga ayu ta goyo ni kamar ɗanta. Kunya ta kama ni fiye da sanyi.

Wani tsoho mai yatsu shida ya sheƙo a guje, ya fara shafa kan ayun yana cewa, “Sannu, Yalwa, sannu 'yata,” sannan ya juyo kaina. Shi ne Baba Cindo. Shi da matarsa Inna Shekara Allah bai ba su haihuwa ba. Tun Yalwa tana jaririya uwarta ta mutu, shi ya raine ta da madarar kwakwa, ta girma a wani tafkin gishiri da duwatsu suka kewaye a gefen tsibirin, tana kiwon ciyawar da ke ƙarƙashin ruwa. Kullum da safe sai ya shiga ya cuɗa mata baya da ɓawon kwakwa, yana ba ta labarin gari.

Sunan tsibirin Zalmana, amma matuƙa jiragen ruwa Ƙara-Loma suke ce masa, kuma ba su yi ƙarya ba. Ban taɓa ganin mutanen da suka ɗauki baƙo da girma kamarsu ba. A wurinsu babu abin kunya kamar a ce wani ya kwana da yunwa a ƙasarsu, ko da kare ne ya faɗo daga jirgi. Idan baƙo ya ce ya ƙoshi, sai su yi murmushi su ƙaro, don sun tabbata kara ce kawai yake yi. Idan ya rantse, sai su ce lallai wannan mai kunya ne, su ƙaro biyu. Na iso kamar sillen kara, ban daɗe ba wuyan rigata ya matse ni.

Ana nan, sai muka lura Yalwa tana ramewa. Tana wuni tana kiwo, cikinta tim, amma fatar bayanta ta fara tattarewa, numfashinta ya yi nauyi. Kifaye ma suka fara tasowa matattu. Ran nan Inna Shekara tana gyaran kifi ta kira ni.

Ta ce, “Makau, zo ka gani. Wannan kifin me ya kashe shi? Cikinsa fal abinci, jikinsa kuwa ƙaya zalla.”

Na duba. Tumbin cike yake da wasu 'yan ɓarɓashi kamar tsakin da ake watsa wa kaji, ja da shuɗi da fari. Na murza a yatsa, bai narke ba. Na sa a wuta, ya nannaɗe ya yi wari. Nan na gane shi.

Na ce, “Inna, leda ce da roba. Rana da igiyar ruwa ne suka niƙe su haka.”

Ta ce, “Mece ce leda?”

Ba su san ta ba. Mutanen da kwanonsu ƙoƙon kwakwa ne, igiyarsu zaren kwakwa, ina za su san ta? Muka tace ruwan tafkin da farin ƙyalle, sai ga tsakin nan ya rufe shi. Muka tsinko ciyawar Yalwa, kowane ganye ya yi masa ado. Tana ci tana cika ciki, cikin ba ya narkewa, tana jin ƙoshi alhali yunwa ke cin ta. Mutanen tsibirin suka sa wa ciwon suna ƙoshin ƙarya.

Gari duka ya fito da rariya da zannuwa, maza da mata, aka jeru cikin tafki ana tacewa. Aka tara tsibi a bakin gaɓa, aka yi murna. Da ruwa ya sake cikowa sai ya kawo ninkinsa. Aka sake, ya sake. Baba Cindo ya tsaya cikin ruwa da rariya a hannu, ya ce, “Mu da ba mu taɓa jefa wa teku ko ƙashin kifi ba tare da bismilla ba, daga ina wannan?”

Wasu fatake da suka tsaya ɗiban ruwan sha suka ba mu amsa. Suka ce daga Birnin Sha-ka-yar yake zuwa, can gabas. Suka ce kuma a bayan birnin akwai wata tsohuwa, Gwaggo Hakama, da ke kiwon wata halitta mai cin leda. Na dubi Yalwa, ta ɗora haɓarta a kan dutse tana huci. Bashin rai ba a biyansa da godiyar baki. Na roƙi kwale-kwale, suka cika mini shi da guzuri har ya kusa nutsewa, na ɗauki ɗan kaskon wuta na gashin kifi, na kama hanya.

Bayan tafiya mai tsawo na hango tudu shimfiɗe iyakar ganin ido, tsuntsaye na sauka a kai. Na yi hamdala, na matsa, na zura ƙafa zan sauka, sai na ji na zurma har ƙugu. Ashe ba ƙasa ba ce. Gorunan roba ne da ledoji da takalma da bokitai, suka haɗu suka dunƙule suna yawo bisa ruwa. Na ga wata tsuntsuwa ta tsinci murfin kwalba ja, ta kai wa 'ya'yanta ta ɗura musu a baki, suna ta rawar jiki suna karɓa. Na yi mata tsawa, ta dube ni ta ci gaba da aikinta na uwa.

Ina neman hanyar fita sai kwale-kwalen ya tsaya cak. Wani taru ne da ba shi da mai shi, ya ɓace wa masu shi tun tuni amma bai daina kamu ba. Cikinsa ƙasusuwa ne da gawawwakin kifaye, nauyinsu na jan sa ƙasa, ga shi ya naɗe mini gindin jirgi yana ja da ni. Na sa wuƙa, zaren ya ƙi, sai zamewa take yi. Ruwa ya fara shigowa. Sai na tuna yadda tsakin nan ya nannaɗe a wutar Inna Shekara. Na hura kaskon, na cusa wuƙar cikin garwashi har ta yi ja, na riƙa ɗora ta kan zaren yana tsinkewa kamar kitse. Na kuɓuta da ƙunar yatsu, tarun ya wuce abinsa neman wani.

Birnin Sha-ka-yar kuwa, gani ya kori ji. Gine-gine har sama, mutane tsaf-tsaf, ba mugaye ba ne ko kaɗan. Sai dai komai sau ɗaya suke amfani da shi: mutum ya sha ruwa ya yar da gorar, ya ci abinci ya yar da kwanon da cokalin. Da suka ga ina wanke ƙoƙona bayan na sha kunu, sai suka taru suna kallo suna dariya. Kogin da ya ratsa garin ba a ganin ruwansa, sai dai ka ga shara tana tafiya. Na tare wani mai fara'a da ya jefa gora daga kan gada.

Na ce, “Malam, ina za ta?”

Ya ce, “Ruwa zai tafi da ita.”

“Ya kai ta ina?”

Ya yi nuni da haɓa. “Can.”

Na ce, “Daga can ɗin na fito.”

Ya ce, “Ayya, sannu da hanya,” ya saya mini ruwa a wata gorar.

Na sami Gwaggo Hakama a gindin wani juji da ya fi duwatsun ƙasarmu tsawo. 'Yar tsohuwa ce mai kaifin baki, da can daddawa take yi. Ta ce wata shekara ta ga wani kududdufi a ƙasan jujin, duk ledar da ta faɗa ciki sai ta ruɓe kamar ganye. Mai daddawa ta san ruɓa ba ta zuwa haka kawai, sai ta ɗebi ruwan ta zuba a randa. Ta buɗe mini randar, na leƙa, ban ga komai ba sai ruwa mai duhu.

Na ce, “Gwaggo, ina dabbar?”

Ta ce, “Kai kana ganin abin da ke sa nono tsami? Suna nan dubu bisa dubu, ido ne bai isa ba. Ni dai Mayunwaciya nake ce mata.”

Ta tsamo wata leda da ta daɗe a ciki, duk ta huje kamar gara ta ci, na taɓa ta ta narke a hannuna. Wallahi sai da na yi hawaye. Na ce ashe teku ta warke.

Ta tuntsire da dariya. “Teku? Ɗan nan, birni na zubawa da kwando, ita tana ci da tsinke. Amma ɗan tafkin da ka faɗa, in kun toshe bakinsa da ƙyalle kun yi haƙuri, ƙila. Ƙila na ce.” Ta cika mini tulu, ta riƙe wuyansa ba ta saki ba. “Sharaɗi ɗaya ne. Kada a ba ta abinci. Ba don daɗi take cin leda ba, don babu ne. Ranar da ta ɗanɗani abin kirki ta bar leda ke nan, ita da 'ya'yanta da jikokinta. Ka ji ni?”

Na ce na ji.

Dawowar ta fi tafiyar wuya. Iska ta juya mini baya, guzuri ya ƙare, rana ta dafa ni. Na rungume tulun kamar jariri, ina jefa masa 'yan guntayen leda, ni kuwa ina tauna busasshen ɓawon kwakwa. Lokacin da na hango Zalmana zazzaɓi ya riga ya kama ni, haƙorana na kaɗawa. Yalwa ta fito ta tarye ni har bakin tafki. Ta zama rabin yadda na bar ta, amma da ranta, kuma ta gane ni.

Aka taru a gaɓa ana guɗa. Na daure na tsaya da ƙafafuna, na ɗaga tulun.

Na ce, “Jama'a, ga maganin. Halitta ce mai rai a ciki, sunanta Mayunwaciya. Ku toshe bakin tafki tukuna, in na warware mu zuba tare. Amma don Allah, don Annabi, kada wanda ya ba ta abinci. Ba ta so. Leda kaɗai take ci.”

Na ga mata sun dubi juna. Inna Shekara ta karɓi tulun da hannu biyu, ta ce, “To, mun ji, Makau. Je ka kwanta.” Daga nan ban sake sanin inda kaina yake ba.

Ban san tsawon kwanciyar da na yi ba. Ranar da na farfaɗo, wani ƙamshi mai zaƙi ne ya tashe ni. Na dafa bango na fito tsakar gida, sai na ga randuna jere, kowace tana kumfa tana tafasa ba wuta. Inna Shekara na tsaye a kansu da ludayi, fuskarta kamar gonar auduga.

Ta ce, “Ka tashi? Zo ka ga baƙuwarka! Da ka kawo ta ko motsi ba ta yi, baiwar Allah. Yanzu dubi, tulu ɗaya ya zama randa nawa.”

Na ce, “Inna, me kuka ba ta?”

“Ɗan abin da ya samu ne. Madarar kwakwa, da zuma, da romon kifi. Kowane gida ya kawo nasa.”

Na zauna a ƙasa. Na ce, “Ba na ce kada a ba ta ba? Ban haɗa ku da Allah ba?”

Ta ce, “Ka ce mana. Kai ma da ka zo haka ka riƙa rantsuwa ka ƙoshi. Makau, baƙuwa ta keto teku don ta taimake mu, sunanta ma Mayunwaciya, mu ajiye ta a ɗaki mu ba ta shara? Da wane ido za mu dubi Allah?”

Na tambayi inda Baba Cindo yake. Aka ce yana tafki. Yalwa ta daina kiwo, ya ga ba za ta iya jira na ba, ya toshe bakin tafkin kamar yadda na ce, ya juye wasu randunan a ciki tun kwanaki.

Na ɗauki guntuwar leda na jefa a randa ɗaya, na hana kowa kusantarta. Na yi ta dubawa safe da yamma, ledar na nan lafiya lau kamar ranar da aka yi ta. Na ware wani kaso na hana shi komai, ko yunwa za ta tuna masa sana'ar gidansu. Ya yi kumfa, ya lafa, ya mutu, ledar na kwance a gindinsa.

A tafki kuwa ana kukan targaɗe sai ga karaya. Mayunwaciya ta saba da laushi, ta shiga ruwa ta tarar da ciyawa ɗanya shar, ta kama ci. Ruwan ya yi kauri ya yi yauƙi, ciyawar ta yi baƙi ta zube. Tsakin roba kaɗai ya rage, wankakke, yana ƙyalli a ƙasan ruwa. Muka buɗe bakin tafkin don sabon ruwa ya shigo, ya shigo da sabon tsaki. Muka shiga kwale-kwale muna yanko ciyawa daga nesa, muna wanke ta ganye-ganye muna miƙa wa Yalwa. Takan karɓa don kada ta ba Baba Cindo kunya, ta riƙe a baki, ta saki. Babu wurin da za ta sa shi, tsakin ya cika mata ciki. Na ce zan koma wurin Gwaggo Hakama, matuƙa suka ce iskar gabas ba za ta buɗe ba sai wata shekara.

Inna Shekara ta same ni a gaɓa. Ta rame ita ma, ta daina ɗaukar ludayi. Ta ce, “Makau, ka yi yawo, ka san duniya. Gaya mini tsakani da Allah, laifi ne a ciyar da baƙo?”

Na so in yi fushi da ita, na rasa ta inda zan fara, don hannun nan da ya ɓata maganin shi ne ya tashe ni daga mutuwa. Ban taɓa jin rashin dabara irin na ranar ba.

Yalwa ta mutu da rana tsaka, kanta bisa cinyar Baba Cindo, yana cuɗa mata baya. Ya daɗe yana cuɗawa bayan ta daina numfashi, ba wanda ya iya ce masa ya bari.

Al'adarsu ita ce, abin ruwa a mayar wa ruwa. Aka ɗaura mata igiya, jiragen gari duka suka raka ta har inda teku ta yi baƙi don zurfi. Baba Cindo ya yi addu'a, ya kwance igiyar da hannunsa. Ni Basarke ne, na san ayu: ƙashinta nauyi gare shi kamar dutse. Muka jira ta nutse. Ba ta nutse ba. Ta tsaya bisa ruwa, cikin nan a sama, tana lilo. Aka koma aka ɗebo duwatsu aka ɗaura mata, ta yi ƙasa a hankali, muka juya gida. Washegari da hantsi igiyar kwakwar ta tsinke, ruwa ya dawo da ita, ya ajiye ta a kan yashi a ƙofar gidan Baba Cindo.

A tudu muka haƙa mata rami. Tun da aka kafa Zalmana ba a taɓa binne ɗan ruwa a ƙasa ba, har aka rasa wanda ya san ta wace fuska za a kwantar da ita. Muka tura ta da gwangwala, muka mayar da ƙasa. Mutane suka watse, aka bar ni da tsohon. Yana zaune ya juya wa kabarin baya, yana kallon ruwa, igiyar ruwa na kawo tsakin nan mai launi tana jerawa a gaban ƙafafunsa.

Ya ce, “Makau, ka ce a birnin can kowa ya jefa abu sai teku ta karɓa?”

Na ce, “Haka ne, Baba.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “Ta karɓi na kowa. Tawa kaɗai ta ƙi.”

Iyakar abin da na gani ke nan, ban ƙara ba ban rage ba, sauran kuwa yana wurin Mai teku.